Ku Tambayi Anti: Ciwon Mara Na Al'ada, In Ba A Sha Ƙwaya Ba Me Za A Yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Saƙonnin da suka taru mana wannan karon ciwon mara ne ya cinye su, wata ta ce ƙwaya ta ishe ta, wata olsa ta hana ta sha, wata kuma abu ta gani a waya tana so ta ji ko gaskiya ne kafin ta zuba kuɗinta. Na tsinci guda biyar, wadda ba ta ga nata ba ta karanta da kyau, amsarta na ciki. Sunaye mun cire kamar kullum.

TAMBAYA: Salam Anti dan Allah ki taimaka min. Shekarata 19 ina aji biyu a jami'a, duk wata in baƙona ya zo ranar farko da ta biyu ba na iya taɓuka komai, mara ta riƙa murɗa min har cinyoyi da baya ga amai ga gudawa, lakca kam sai dai a ba ni labari, da ina shan ibuprofen yana min aiki sosai to yanzu an ce ina da olsa likita ya ce in daina, farasitamol kuma ko gezau. 'Yan ɗakinmu kowa da abin da take faɗa, wata ta ce zaƙi nake sha da yawa wata ta ce ruwan sanyi ne. Akwai abin da zan yi wanda ba magani ba?
Ɗaliba daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah Ya kawo sauƙi. Ki riƙe maganar likitanki da kyau, ibuprofen da danginsa irin su diclofenac da piroxicam ba sa ga maciji da olsa, kuma kar wata ta ce miki ai allurarsa daban ce, ko ta baki ko ta allura jini ɗaya suke shiga su je su taɓa cikin.

Bari ki ji abin da ke faruwa a marar taki tukuna. In wata ya zagayo ba a samu ciki ba, shimfiɗar da mahaifa ta yi a cikinta sai ta fara saɓulewa, a lokacin take sakin wani sinadari da likitoci ke ce wa furostagilandin, aikinsa ya sa naman mahaifa ya riƙa matsewa yana saki don ya turo jinin waje. Wadda nata ya yi yawa sai matsewar ta yi ƙarfi har ta shaƙe ƙananan jijiyoyin da ke kai wa mahaifar jini, naman ya rasa isasshen jini na ɗan lokaci, to wannan ita ce murɗar da kike ji. Kuma sinadarin ba a mahaifa kaɗai yake tsayawa ba, yana taɓa hanji, shi ya kawo aman da gudawar. A kwana ɗaya zuwa biyu na farko ya fi yawa, shi ya sa rana ta uku sai ki miƙe garau kowa na miki kallon mai raki.

Abu na farko da zan ce miki, kuma shi na fi yarda da shi a duk abubuwan da za mu ambata yau, shi ne gashi. Ɗumi a mara yana sa naman ya saki, jini ya samu hanya. Ba camfin tsofaffi ba ne, a 2001 an yi wani bincike a Amurka aka liƙa wa mata wani faci mai ba da ɗumi kusan digiri 39 a mara, awa 12 a rana har kwana biyu, aka gwada da masu shan ibuprofen, sai ga shi sun yi kunnen doki wajen rage ciwon, waɗanda aka haɗa musu biyun kuma sauƙin ya fi saurin zuwa musu. Ki lura da wannan digiri 39 ɗin, kaɗan ya ɗara zafin jikinki, ma'ana ɗumi mai daɗewa ake so ba zafi mai ƙuna ba. A nan 'yan mata da yawa ke kuskure, a tafasa ruwa a juye a gora a manna a fata tsirara, ana cije baki wai sai ya yi zafi zai yi aiki.

Ki nemi jakar ruwan zafi ta roba, ana samu a manyan kemis da kasuwa, sau ɗaya za ki saya ta yi miki shekaru. Ruwan in ya tafasa ki bar shi ya ɗan huce ko ki surka, kar ki cika ta fal, ki ɗaure bakin sosai ki naɗe da tawul ko ɗankwali sannan ki ɗora. In babu jakar, gorar ruwa ma ta yi amma da ruwan ɗumi, tafasasshe yana lanƙwame ta, kwalba kuma tana iya fashewa. Wasu shinkafa ko gero suke ɗumamawa a busasshiyar tukunya su ɗura a safa mai tsabta su ƙulle, yana riƙe ɗumi ba laifi. In da wuta a hostal ki goge tawul da dutsen guga ki ɗora tawul ɗin, tawul ɗin fa na ce, ba dutsen gugar ba ko da ta saman riga ne. Kar ki yi barci a kan jakar, kuma in kin ga fatar marar ta fara yin wani zane-zane mai duhu to zafin ya yi yawa kenan, ki sassauta. Ki riƙa sa wa a ƙugu ta baya ma tunda ciwon na sauka can. Ranar lakca kuwa ai hijabi ya rufa asiri, ƙaramar gora a cinya ba wanda zai sani.

Na biyu motsa jiki. Na san za ki ce haba Anti ina birgima a katifa ki ce in yi tsalle, a'a, ba ranar ciwon nake nufi ba, sauran ranakun watan. Ƙungiyar Cochrane, masu tattara binciken likitoci su tace shi, sun duba wannan a 2019 suka ga matan da ke motsa jiki minti 45 zuwa 60 aƙalla sau uku a mako ciwonsu ya ragu da kusan maki 25 a ma'aunin da ke tsayawa a 100. Sun ce binciken ba masu ƙarfi can ba ne, amma maki 25 ba abin rainawa ba ne, kuma kyauta ne. Tafiya da sauri har ki ɗan yi gumi, tsallen igiya a ɗaki, ko ki bar hawa keke napep daga hostal zuwa aji. Ki ba shi wata biyu zuwa uku kafin ki yanke hukunci. Ranar ciwon kuma ki kwanta ta gefe ki jawo gwiwoyi zuwa ƙirji, ko ki durƙusa ki kifa goshi a filo ki miƙe hannuwa gaba, da jakarki a mara.

Maganar ruwan sanyi, ba shi ke kawo shi ba, jinin al'ada ba ya daskarewa don kin sha ruwan firij. Rage zaƙi alheri ne ga jiki amma kar a ɗora miki laifin ciwon. Abin da aka tabbatar yana tafiya da tsananin ciwon mara shi ne shan taba, kuma shisha ma taba ce, a gaya wa masu yi. Sannan ki koma wajen likitan nan ki tambaye shi a gwada miki ƙwayar cutar H. pylori, ita ke haddasa olsa da yawa kuma ana kashe ta da magani na kamar mako biyu, ki kuma gaya masa ciwon na hana ki karatu, akwai magungunan daidaita sinadaran jiki da ba sa taɓa olsa. Abin da na hana ki da babbar murya shi ne zuwa kemis a danna miki pentazocine ko a ba ki tramadol duk wata, daga nan wasu suka faɗa jaraba.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni magidanci ne watanmu takwas da aure, iyalina in lokacin ya zo tana shan wahala har kuka take, ni kuma in tsaya ina sannu sannu ban san me zan yi ba. Wani abokina ya ce tausa na taimakawa, to ya ake yi kar in je in ƙara mata ciwo, da wane mai, kuma ya halatta in taɓa ta tana wannan hali?
Wani magidanci daga Jos

AMSA: Malam Allah Ya yi maka albarka, Ya ƙaro mana irinka, wasu in lokacin ya zo majalisa suke tarewa sai an gama.

Ta ƙarshen zan fara. Abin da aya ta 222 a Suratul Baƙara ta hana saduwa ce, ba jinya ba, kuma ya tabbata Nana A'isha Allah Ya ƙara mata yarda tana taje wa Manzon Allah (SAW) kai tana cikin haila. In zuciyarka ba ta natsu da ƙasan cibiya ba ka yi ta saman zani, ko ka tsaya a baya da ƙugu ita ta shafa marar da kanta, dama mata da yawa bayan sun fi so a taɓa.

Yadda ake yi ba wuya. Ta kwanta rigingine a sa mata filo ƙarƙashin gwiwoyi don cikin ya saki, ka murza mai a tafin hannunka ya yi ɗumi, hannu mai sanyi a marar da ke ciwo ƙara ƙanƙame ta yake. Ka ɗora tafin gaba ɗaya ba kan yatsu ba, ka riƙa zagayawa a hankali yadda hannun agogo ke tafiya, minti 10 zuwa 15, kana tambayarta nan ya yi ko in sassauta. Daga nan ta juya ta gefe ko ta kifa a kan filo, ka sa gindin tafin hannu a wannan faffaɗan ƙashin da ke ƙasan baya, ka danna da ɗan nauyi ka riƙe ka saki, sannan ka bi gefe da gefen ƙashin baya kana murzawa sama da ƙasa. Ba tausar 'yan dambe ba ce, ba a cusa yatsa a mara wai ana neman inda ciwon yake, ba a sa yaro ya hau baya ya tattaka. Ya fi kyau a fara kwana biyu ko uku kafin jinin ya zo in kun san lissafinta.

Mai kuwa duk wanda ke gida ya yi, man kaɗanya, man zaitun, man kwakwa, man riɗi. An yi ƙananan bincike a Koriya ta Kudu da Taiwan da Iran da Turkiyya da Masar a kan tausa da mai mai ƙamshi irin na furen lavender, suka ce an samu sauƙi, amma mutanen da aka gwada kaɗan ne kuma da wuya a raba aikin ƙamshin da aikin hannun, ni a ganina hannun ne ke ɗaukar kaso mai tsoka. In za ku sayi irin wannan tataccen man to ba a shafa shi tsagwaro, ɗigo biyu ko uku a cokalin shayi ɗaya na man zaitun, a gwada a hannu tukuna ko zai yi ƙaiƙayi. Kuma kar a shafa man zafi sannan a ɗora jakar ruwan zafi a kai, haɗin nan yana saɓule fata.

Akwai wani wuri da masu maganin gargajiya na Sin ke dannawa, a ƙafa ta ciki, ka auna yatsunta huɗu sama da idon sawu, daidai bayan ƙashin ƙwauri, za ta ji wajen da ɗan tsami. A danna da babban yatsa minti ɗaya ko biyu a kowace ƙafa. Hujjar da ke bayansa ba ta kai ta gashi ba, wasu na jin daɗinsa wasu ba sa jin komai, amma ba asara a gwadawa, sai dai su kansu masu abin sun ce mai ciki ta guje shi. Masu lanƙwasa mutum su sa ƙashin baya ya yi ƙas-ƙas kuwa, Cochrane sun duba a 2006 suka ga bai fi na ƙarya da aka yi don gwaji ba, ka adana kuɗinka.

Tunda sababbin aure ne ku ga abin da nake so ka riƙe. In al'adar ta makara sannan ciwo ya zo mai tsanani musamman a gefe ɗaya, da ɗigon jini ko jiri ko suma, ba tausa ba gashi, asibiti kai tsaye ko tsakar dare ne, yana iya zama ciki a wajen mahaifa. Haka in da zazzaɓi.

TAMBAYA: Anti ina wuni. Ni ma'aikaciya ce ba na son yawan shan magani don an ce yana hana haihuwa, na ga bidiyon wata baturiya tana cewa bayofidbak ya raba ta da ciwon mara kwata-kwata, sai kuma ga wata tana tallan ƙaramar na'ura a Instagram ana liƙawa a mara tana ɗan jan mutum kamar lantarki, kuɗin ba kaɗan ba, abu ɗaya ne su biyun? Kuma in saya ko damfara ce?
Wata ma'aikaciya daga Kano

AMSA: Lafiya lau 'yar uwa. Kafin komai mu kawar da wannan, ibuprofen ko farasitamol na kwana biyu a wata ba sa hana haihuwa. Inda maganar ta samo asali, akwai cututtukan da ke kawo ciwon mara mai tsanani kuma su kawo jinkirin haihuwa, sai mutane su ga mai shan ƙwaya ba ta haihu ba su ɗora wa ƙwayar. In ba ki da olsa ko ciwon ƙoda ko asmar da maganin ke tayarwa, shan sa bayan cin abinci da zarar ciwon ya fara ba laifi ba ne.

Abubuwan biyu daban suke. Bayofidbak horo ne, na'urar ba ta sa wa jikinki komai, aunawa kawai take. A liƙa miki 'yan wayoyi a fata su riƙa karanta yadda naman jikinki ya ɗaure, ko ɗumin yatsunki, ko bugun zuciya da numfashi, sai ki gani a allon kwamfuta ko ki ji ƙara na hawa da sauka. Mai horarwa ya ce saki cikinki, ja numfashi a hankali, kina yi kina ganin layin na sauka, da haka har ki gane yadda ake sakin naman da ba ki ma san kin ɗaure shi ba, daga baya ki riƙa yi ba na'ura. A Amurka abin ya taso a ƙarshen shekarun 1960, kuma yana da inda ya yi suna, misali ciwon kai na ɓari guda, da yoyon fitsari, da wani nau'in taurin bayan gida da naman ƙasan ƙugu ke ƙin saki. Dabarar a ciwon mara ita ce, in murɗa ta zo mace kan ƙanƙame ciki da cinyoyi ta riƙe numfashi, tsoron ciwon ma tun kafin ya zo yana sa ta ɗaure, wannan kuma ƙara wa ciwon nauyi yake. Amma fa ki sani mahaifar kanta ba irin naman da kike ba umarni ba ne, na kewaye da ita kike koyon saki.

To ya hujjar take? Siririya. Da Cochrane suka tattara binciken irin waɗannan dabaru na horar da jiki da tunani a 2007, guda biyar kacal suka samu, mata 213 gaba ɗaya, wasu sun nuna an samu sauƙi amma ƙanana ne kuma tsarinsu da rauni, suka ce a yi taka-tsantsan da sakamakon. Baturiyar taki mai yiwuwa ta ji daɗinsa da gaske, amma kwata-kwata ɗin nan tata ce ita kaɗai. Ga shi sai an yi zama da yawa da ƙwararre, ga kuɗi. Ni ban ga dalilin da za ki bar jakar ruwan zafi ki bi wannan ba, sai in likitar mata ta duba ta ce naman ƙasan ƙugunki a ɗaure yake, wannan kam aikin 'yan fisiyo ne, wato ma'aikatan sashen gashi da motsa gaɓoɓi na asibiti.

Abin da ke cikinsa mai amfani kina iya yi a gadonki. Ki kwanta, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu ki tabbatar hannun cikin ne ke tashi ba na ƙirjin ba, ki fitar ta baki a hankali kina ƙirga shida, minti 10. Sai ki bi jiki gaɓa-gaɓa daga yatsun ƙafa, ki ɗaure na daƙiƙa biyar ki saki, sha-raɓa, cinya, ɗuwawu, ciki, kafaɗa, har muƙamuƙi. Wani likita Ba'amurke Edmund Jacobson ya fito da wannan tun shekarun 1920. Sharaɗin dai ki koya lokacin da kike lafiya, bayan sallar isha ko kafin barci, ba sai ciwo ya turnuƙe ki za ki fara ƙirga huɗu ba.

Ita kuma ta Instagram ɗin TENS ake ce mata, ita tana aika wa fata ɗan ƙaramin lantarki daga batir. Kin san in kin bugi ƙwauri da kujera hannunki da kansa yake kaiwa wajen yana murzawa kuma ki ji sauƙi, to dalili ɗaya ne, saƙon taɓawa yana rige saƙon ciwo isa laka ya rage masa hanya. Masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka yi bayanin haka a 1965, a kansa aka gina na'urar. Ita hujjarta ta fi ta bayofidbak, an gwada ta da na'urar bogi aka ga mai saurin bugu, wato 50 zuwa 120 a daƙiƙa, tana rage ciwon mara lokacin da take kunne. Ba damfara ba ce, amma ba ta warkarwa, wata mai zuwa sai kin sake liƙawa. Ana sa faci biyun a mara ko a ƙasan baya, ki ƙara ƙarfin har ki ji zir-zir mai ƙarfi amma ba zafi. Mai ciki ko mai zaton ciki, mai farfaɗiya, mai na'urar bugun zuciya a ƙirji, duk ba nasu ba ne sai da izinin likita, ba a sa wa a wuya ko kan rauni ko a banɗaki.

Shawarata tunda a Kano kike, ki je sashen gashi na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Asibitin Ƙashi na Dala ki yi magana da 'yan fisiyo, TENS kayan aikinsu ne na kullum, su nuna miki yadda take ki ji a jikinki kafin ki tura wa kowa kuɗi. Masu talla sukan canza mata launi zuwa ruwan hoda su ninka farashi, cikin kuwa ɗaya ne da wadda ake sa wa masu ciwon baya.

TAMBAYA: Anti 'yata shekara 14 ta fara bara, kakarta jar kanwa take jiƙa mata in ciwon ya tashi, ta ce kuma a kira wanzami a yi mata ƙaho a baya. Ni citta nake dafa mata. Wanne ya dace?
Wata uwa daga Damagaram

AMSA: Hajiya taki ta fi. A Iran an gwada garin citta a 2009, miligiram 250 sau huɗu a rana na kwana uku daga farkon jinin, ya yi kusan daidai da ibuprofen a wannan binciken. In an haɗa giram ɗaya kenan a wuni, kamar rabin cokalin shayi, kin ga ba sai an zabga ta har tana ƙona maƙoshi ba, in tana sa ta ƙwannafi a rage.

Kanwa a lallaɓa Inna a bari. Gishiri ne jibge a cikinta, yana sa jiki riƙe ruwa ya ɗaga hawan jini, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama masu jego da yawan kunun kanwa da wankan jego mai zafi, ɗan abin da ake sa wa a miya daban, jiƙawa a sha kofi guda daban. Ƙaho kuma, yarinyar da ke zubar da jini duk wata kuma tana kan girma ba ta da jinin da za a ƙara zuƙewa, ga haɗarin ciwon hanta in askar ta bi jikin wani. Ki saya mata jakar ruwan zafi, ki koya mata lissafin kwanakinta don kar ya riƙa yi mata ba-zata a aji, in kuma tana rasa makaranta duk wata ki kai ta a duba ta, ba a cewa yarinya ta yi ƙanƙanta da ganin likitar mata.

TAMBAYA: Anti ni na gaji wallahi. Tun ina budurwa ake ce min in na yi aure zai daina, yau shekara shida da auren ina da 31 ban taɓa ko ɓari ba, ciwon ƙaruwa ma yake, yanzu tun saura mako yake farawa, in maigida ya kusance ni zafi can ciki, in zan yi bayan gida lokacin al'ada kamar raina zai fita. Gashi, tausa, citta, hulba, ba wanda ban yi ba, na yi sikanin sau biyu an ce ba komai. Wace dabara ta rage?
Wata baiwar Allah daga Gombe

AMSA: 'Yar uwata sannu, kin yi haƙuri har ya wuce inda ya kamata. Ke ba dabara ta rage miki ba, duk abin da na lissafa a sama na ciwon marar da ba wata cuta a ƙarƙashinsa ne, wanda ke farawa shekara ɗaya ko biyu bayan fara al'ada, ya zo da jinin ya tafi cikin kwana uku, kuma yakan lafa da shekaru ko bayan haihuwa, daga nan aka samo zancen in kin yi aure zai daina. Naki ba shi ba ne. Ciwon da ke ƙaruwa shekara bayan shekara, ya riga jinin da kwanaki, da zafin saduwa, da zafin bayan gida, da jinkirin haihuwa, waɗannan alamomin in suka haɗu abin da likita zai fara tunani shi ne endometiriyosis, wato nama irin shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, a kan ƙwai ko bayan mahaifa ko jikin hanji, duk wata shi ma ya kumbura ya yi jini ba hanyar fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 10 masu shekarun haihuwa na da shi, mata miliyan 190 kenan. Ban ce shi ne da ke ba, daga wasiƙa ba a gane cuta, ƙarin mahaifa da ake ce wa faibiroid wanda ya fi yawa a baƙaƙen mata, da tsohon ciwon sanyi da ya hau sama, su ma suna kawo makamancin haka.

Sikanin ya ce ba komai ba ya nufin ba komai, hoton ciki na yau da kullum yakan tsallake endometiriyosis in ba ya yi ƙullutu a ƙwai ba, wani lokaci sai an zura 'yar kyamara ta cibiya an leƙa. Don haka ba ɗakin sikanin za ki koma ba, likitan mata za ki nema, kuna da Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, ki karɓi takardar turawa daga asibitin da kike zuwa. Kafin ranar ki samu ɗan littafi ki rubuta na wata biyu ko uku, ranar da ciwon ya fara, ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, audugar mata nawa kike canzawa a wuni, ko akwai gudaji, ciwon daga 1 zuwa 10 nawa za ki ba shi, da abin da ya hana ki yi. Zafin saduwar nan ki faɗe shi ko ki rubuta ki miƙa in kunya ta hana, yana cikin abin da ya fi taimaka wa likita. Ki tafi da takardun sikanin biyun, kuma maigida ya raka ki don maganar haihuwa shi ma akwai gwajin da za a yi masa. Gashin ki ci gaba da yi kafin lokacin, ba ya hana a gano komai.